Kwalbar Gado Mai Lamba Shida

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Asibitin Ƙwararru,
Ta hannun Shugaban Sashen Ciwon Daji.

Daga:
Mijin majinyaciya mai kati lamba 4417,
Ma'aikacin gidan waya mai ritaya.

Kwanan wata: 9 ga Yuli, 2024

GAME DA: MUSANYAR SAKAMAKON GWAJIN MAI ƊAKINA DA NA WATA MAJINYACIYA

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ban girma, ina neman izinin gabatar da kokena kamar haka:

1. Ranar 5 ga Fabrairu da safe, an yanko 'yar tsoka daga ƙarin da ke huhun mai ɗakina domin gwaji. Likitanta ya yi mana bayani cewa ƙwayoyin garkuwar jiki da ke yaƙi da ƙari sukan gaji. Idan gajiyar ba ta yi nisa ba, akwai maganin da ake sawa ta jijiya ya farfaɗo da su. Idan kuwa ta kai maƙura, da wuya maganin ya yi amfani. Gwajin ne zai nuna inda take.

2. A wannan safiya an ɗebi irin wannan tsoka daga jikin wata dattijuwa da ke gado na tara. Daga baya na gano cewa a ɗakin mata lambar gado kawai ake rubutawa a jikin kwalbar da ake saka tsokar, sai da la'asar a duba rajistar gadaje a cike sunaye.

3. Da azahar ɗin ranar, mai ɗakina ta ga dattijuwar tana fama da numfashi, sai ta bar mata gadonta na shida da ke bakin taga, ta koma na tara. Ma'aikaciyar jinya ta amince, ta gyara rajista, ba ta tuna da kwalabe ba. Ni na ɗauke wa mai ɗakina filo da butar shayinta da hannuna, har ina yi mata tsiya cewa ko a asibiti ba za ta daina rabon kayanta ba.

4. Ranar 19 ga Fabrairu aka shaida mana cewa ƙwayoyinta sun gaji gajiyar da ba ta farfaɗuwa, aka hana ta maganin. Yallaɓai, shekara talatin da ɗaya muna tare, ta yi renon 'ya'ya biyar a kan keken ɗinki, ban taɓa jin ta ce ta gaji ba. Tun daga ranar ta ɗauka jikinta ne ya ci amanarta. Ta riƙa ba 'ya'yanta haƙuri ɗaya bayan ɗaya, wai ita ce ta kasa.

5. Ranar 24 ga Yuni, likitanta, wanda nake yi masa shaidar gaskiya, ya kira ni ofis ya ce an gano sakamakon dattijuwar aka ba mu. Na mai ɗakina ya nuna a watan Fabrairu maganin zai iya karɓar ta. An sake gwaji ranar 27 ga Yuni. Yanzu kam ƙwayoyin sun gaji da gaske, kuma ƙarin ya kai hanta.

6. Na yi shekara ashirin da takwas ina tantance wasiƙu. Ban taɓa aika wasiƙa da lambar kujerar da mutum ya zauna a kai ba. Abin ya tsaya mini a rai, kuma ba na iya barci da shi.

Saboda haka ina roƙon ofishinka da abubuwa uku. Na farko, a hana rubuta lambar gado a jikin kwalba, a riƙa sa suna da lambar kati a gaban majinyaci. Na biyu, a sanar da iyalan dattijuwar, domin ta sha wahalar maganin da ba nata ba, kuma suna da haƙƙin sani. Ba na neman a kori ma'aikaciyar jinya. Yadda ta tarar ana yi haka ta yi.

Na uku shi ne mafi girma a wurina. Ina roƙon takarda mai hatimin asibiti da za ta faɗa a fili cewa a watan Fabrairu jikin mai ɗakina bai gaza ba, kuskuren daga wurinku ne. Na faɗa mata da bakina, ta ce lallashinta nake yi. Takarda mai hatimi kuwa za ta yarda da ita. Don Allah kada a ambaci maganar gadon a ciki, ba na so ta yi nadamar alherin da ta yi.

A rubuta da manyan haruffa, idonta ya yi rauni. Kuma ina roƙo kada takardar ta bi layin da takardu suka saba bi, domin likita ya ce makonni yake ƙirga mata, bai ce watanni ba.

Ka huta lafiya, tare da dukkan girmamawa.

Naka mai biyayya,
(sa hannu)
Mijin majinyaciya mai kati lamba 4417