Minti Huɗu na Banɗaki

Zuwa ga ƙanena,

“Yaya, ki ba ni wata uku. Da na zauna a hedikwata zan mayar da aikin masu amsa waya sa'a shida, da hutu a tsakiya.” Kai ka faɗa, kana tsaye a ƙofar kicin ɗina da jaka a hannu. Yau wata goma sha ɗaya.

Bayan haka, assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya kai da iyali, Allah Ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu ma kalau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida da sanda tana yi wa kowa faɗa.

Sa'a tara muke yi har yanzu, abin sauraro manne a kunne, kira na katsewa wani na shigowa. Sai ga sabuwar takarda daga ofishinku da sa hannunka, wannan karkataccen rubutun da ni na koya maka. Wai wadda za ta banɗaki ta danna maɓalli, na'ura ta ƙirga mata minti huɗu. Banɗakin yana hawa na ƙasa, mu muna na uku. Ka taɓa gwadawa da zane?

Ka san dabarar da matan suka ɓullo da ita? Sun daina shan ruwa. Mata talatin suna magana tun safe har yamma da busasshen maƙogwaro, suna tambayar duniya ko akwai wani abin da za su taimaka da shi. Ranar Talata Maman Biyu, wadda ke zama kusa da taga, ta faɗi daga kujera, mai kiran yana ta “halo, halo” a kunnenta. Likita ya ce ƙoda ce, ya tambaye ni wane irin wurin aiki ne ke hana mutum ruwa. Na rasa bakin cewa ƙanena ne ya tsara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bara, da suka rubuta ƙara zuwa ofishin ƙwadago, ni na hana su kaiwa. A matsayina na shugabarsu na ce su yi haƙuri, namu ya hau, na goya shi na san halinsa. Suka yarda da ni. Yanzu in na shigo ɗakin sai hira ta mutu. Na karanta dokar aiki daga bango zuwa bango, ban ga inda aka ce mafitsara tana bin agogo ba. Kada kuma ka sake turo mini saƙon “ana kan dubawa”.

Ka gaishe da matarka, da Auta, da Goggo in ka leƙa ta. Inna tana sa maka albarka, don ba ta sani ba tukuna.

Na ba ka zuwa Litinin ta sama, ƙarfe goma na safe: a cire maɓallin nan, a rage sa'o'in, a rubuce. In ban gani ba, zan fara zama gaban Inna in gaya mata da bakina, don kada ta ji a waje. Daga nan ni zan ɗauki ƙarar in kai, da takardar likita, sunana a layin farko.

Yayarka.