Kun Rage wa Mota Gudu, Ba Ku Ƙara Mana Lokaci Ba

Zuwa ga Alhaji Manajan Sufuri na kamfaninmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar girma, da fatan kana lafiya kai da iyali.

Sunana Habibu, direban tirela, haifaffen Mandawari. Tun gemuna yana baƙi nake ɗaukar muku riɗi da zoɓo daga Dawanau zuwa Legas, yau ga shi furfura ta cinye shi. Na yi ta sintiri a ofishinka, kullum sai a ce kana mitin. To, tunda ƙofarka ta ƙi buɗuwa, ga maganata a inda kowa zai gani.

Na farko, kada wani ya ce maka ina faɗa da na'urar taƙaita gudu da kuka sa wa motocinmu, wadda muke kira limita. Ranar da aka sa ta, hamdala na yi. Na sha tsayawa a hanya ina taya jama'a zaro mutane daga cikin ƙarfe, na san abin da gudu yake haifarwa. An sha ba ni shawarar in kai motar wajen mai wayarin ya tsinke ta a ɓoye, na ƙi. Amana kuka ba ni.

Na biyu, kuma nan ne gizo yake saƙar: kun rage wa mota gudu, amma lokacin da kuka yanka mana na isa Legas yana nan yadda yake tun kafin limita. Hanya ba ta gajarce ba, ramuka ba su cike ba, shingayen bincike ba su ragu ba. To, Alhaji, daga ina kake zaton direba yake cike giɓin? Daga barcinsa yake yanka. Yana cin burodi hannu ɗaya a kan sitiyari. Yana wuce masallaci yana ji ana kiran salla, ya ce sai gaba, gaban kuma ba ta zuwa. Wanda ya makara a hukunta shi, wanda ya iso da jajayen idanu a ce masa jarumi.

Na uku, maganar Malam Sabi'u na Sheshe, wanda muka shiga aikin nan tare. Mutum ne da ko goro ba ya ci a kan tuƙi don kada hannunsa ya bar sitiyari. Da rana tsaka, gaba kaɗan da Mokwa, barci ya sace shi. Mota ta sauka daga kwalta ta kife, aka yanke masa hannun dama a asibiti. Limitarsa lafiyarta ƙalau, ba gudu yake yi ba. Kwana ya yi yana tuƙi don ya cika muku lokaci.

Na je duba shi a gida. Na tarar da maiɗakinsa, Malama Hadiza, tana zuba masa ruwan alwala, ya sunkuyar da kai don kunyata. Da muka keɓe ya ce mini, "Habibu, wallahi ban taka totur ba. Ido ne kawai ya rufe." Ku kuwa abin da kuka sanar wa direbobi a gareji shi ne sakacinsa ne. Babu wanda ya tako Sheshe daga ofishinku, ko da sannu.

Na huɗu, tawa. A tafiyar da ta biyo baya, ina kusa da Tegina na fara ganin titi bibbiyu. Na gane alamar. Na gangara gefe, na kashe mota, na yi salla, na shimfiɗa tabarma a inuwarta na kwanta. Ma'aikacinku mai bibiyar motoci ta kwamfuta ya bugo waya yana faɗa, wai me na tsaya yi. Na ce masa barci nake yi, in na tashi zan kira shi.

Na isa Legas a makare, wannan gaskiya ne. Amma ko buhu ɗaya bai yage ba, mota ko ƙwarzane babu, ban taka ɗan kowa ba. Da na dawo Kano kuka karɓe makulli, kuka dakatar da ni, kuka ce ba zan koma ba sai na sa hannu cewa na yi laifi kuma ba zan sake ba.

Alhaji, ba zan sa hannu ba. Idan na sa, ƙarya na yi maka, domin zan sake. Ina da mata da 'ya'ya, zaman gidan nan ba daɗi yake mana ba, maƙwabta sun fara tambayar ko lafiya. Amma gara su gan ni a ƙofar gida ba aiki da a shigo musu da ni a makara.

Ga abin da nake nema. A zauna da direbobi a sake yanka lokacin tafiya daidai da gudun da limita ta bari, a sa lokacin barci da salla a ciki. A janye kalmar sakaci daga kan Malam Sabi'u a gaban mutanen da aka faɗa wa ita, a kuma ɗauki nauyin jinyarsa. A janye dakatarwar da aka yi mini ba tare da sharaɗi ba. Idan kuma kana ganin ƙari nake yi, bismillah, ga kujera a gefena. Mu tashi daga Dawanau tare, ka riƙe agogo da kanka, mu ga a garin da idonka zai fara rufewa.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya ba ka ikon yin adalci ga na ƙasa da kai, Ya tsare ka da zuriyarka daga haɗarin hanya, domin titin da muke bi da barci a ido shi ne wanda iyalinka suke bi.

Makulli yana hannunku. Ko ku riƙe, ko ku dawo mini da shi. Amma in kun dawo da shi, ku sani tun yanzu: duk inda barci ya kama ni, nan zan tsaya.

Wassalam.

Habibu Direba,
Mandawari, Kano.