Ranar da Baba Ya Zo Ganin Taswirata

Unguwar Limawa,
Dutse, Jihar Jigawa.
Agusta, 2001.

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata, Halimatu Sa'adiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Yaya Muntaka da yara, kamar yadda muke a nan. Yaya Fatakwal, yaya ruwan nan naku da kika ce ba ya ɗaukewa? Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, Ya raya mana zuri'a. Mu nan damina ta yi kyau, gero har ya fitar da kai. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, yanzu da kanta take zuwa gidan Gwaggo Adama, Baba kuma yana nan a Kiyawa da ɗalibansa, lafiya lau.

Yaya, ki gyara zama, don labarin da na kawo miki ya fi duk littattafan soyayyar da kike yi mini faɗa a kansu. Ya fara ne wata ranar Asabar, gab da faɗuwar damina. Ina kwance ina karatu, na kai daidai inda jarumar littafin za ta hau jirgi, sai Injiniya ya yi sallama da kwali a ka. Kin dai san wa nake nufi, maigidan ne, har gobe hannuna ba zai iya rubuta sunansa ba. Kin san aikinsa gyaran famfunan tuƙa-tuƙa ne a ƙauyuka, amma zuciyarsa tana ga oba-oba, don yana cikin mutanen nan da hukuma ke ba lasisi su riƙa magana da juna ta rediyo saboda sha'awa kawai. To wani dattijo a ƙungiyarsu ta Kano, Alhaji Barau, shi ne ya ba shi aron tsohuwar kwamfuta da wasu na'urori. Ɗaya ba ta fi sandar sabulu girma ba, aikinta ta tambayi taurarin ɗan Adam inda take a doron ƙasa. Ita ake ɗaurewa a bayan babur tare da oba-oba. Lokaci-lokaci sai ta aiko da labarin inda take, oba-obar gida ta karɓa da wata irin ƙara kamar kukan gyare, sai kawai ɗigo ya bayyana a kan taswira a fuskar kwamfuta.

Ya jera kayan a ɗakin soro, ya ɗaura eriya a kan doguwar gora, ya haɗa da batirin mota saboda ɗauke wuta. Ya ce farkon abin da ake yi shi ne a nuna wa kwamfuta inda gidanka yake, ya buga lambobi yana ta yi mini bayani da fankama. Muka duba, babu gidanmu. Ya matsa taswira nan, ya matsa can, gumi na keto masa, sai can muka tsinci gidanmu a ƙasar Gini! Ashe waɗanda suka ƙera abin mutanen yamma ne can ƙetaren teku, komai nasu a yamma yake farawa, shi kuma ya manta bai juya shi gabas ba. Na ce masa madalla, yau dai Allah Ya cika mini burina an fita da ni ƙasar waje kamar matan cikin littafi, saura tsaraba. Ya ce in yi haƙuri, yanzu zai dawo da ni ba ko kuɗin mota. Muka yi dariya har na riƙe ciki. Ya danna harafi ɗaya, sai ga mu a Dutse.

Amma da muka dawo gida sai na ji tausayin ƙasarmu. Taswirar ba ta san komai ba sai Kano da babban titi, sauran duk fili ne fetal, kamar ba a taɓa haihuwar kowa a nan ba. Alhaji Barau ya ce haka abin yake, kowa shi ke zana yankinsa. Nan na samu aiki, Yaya. In Injiniya ya fita, sai in gama girki da shara in zo in zauna. Gyaren ya yi kuka, ɗigo ya faɗo, ya sake kuka, wani ya faɗo a gaba, ni kuma in ja layi in haɗa su, sai ga hanya ta fito. In ya dawo ya faɗa mini sunayen garuruwan in rubuta. Abin da ya ƙara mini sauƙi, ba sunansa ake rubutawa a jikin ɗigon ba, wasu haruffa ne da lambobi da hukuma ta ba shi, su kam ko a gaban Inna sai in faɗe su da ƙarfi. Ni da ko bakin titi sai da dalili nake fita, ga ni ina bin sa har fadamun bayan Kiyawa, ina raya wa kaina bishiyoyin da yake wucewa da matan da ke jiran famfonsu ya tashi. Wallahi ji nake kamar littafi nake rubutawa da hannuna.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Ni kallo kawai nake yi, doka ba ta yarda wanda ba shi da lasisi ya aika ko da kalma ɗaya ba. Ran nan ina tsakar gida na ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, na ruga na duba, sai ga ɗigonsa yana shirin barin kwalta ya shiga hanyar fadama. Ina gani, ga abin rubutu a gabana, alhali na'urarsa tana iya nuna ɗan gajeren saƙo, amma ba dama. Sai bayan magariba ya shigo yana tura babur, taɓo har gwiwa. Ina zuba masa ruwan zafi na ce ni dai ina son nawa lasisin. Ya yi murna ƙwarai, ya ce akwai jarrabawa a Kano bayan damina, amma ba zai kai ni ba sai Baba ya sa albarka.

Kafin mu san yadda za mu tunkari Baba, bakina ya riga mu. A wajen sunan Lauratu maƙwabciyarmu na cika baki ina ba mata labarin taswira da Alhaji Barau. Kin san tun da aka ƙaddamar da shari'a bara kowa kunnensa a buɗe yake. Kafin maganar ta isa Kiyawa ta zama wai 'yar Malam tana zama a soro tana hira da mazan Kano ta rediyo. Ranar Alhamis da hantsi, Injiniya ya fita, sai na ji sallamar Baba a ƙofar gida. Na fito da sauri, don kin san Baba ba ya zuwa gidan 'ya'yansa haka kawai. Na shimfiɗa masa buzu a soro, na kawo ruwa da fura, bai taɓa ba. Ya ce ba zai yi hukunci da jita-jita ba, in kunna abin ya ji muryar da ake cewa ina saki a iska. Na kunna. Muka zauna muna jira. Can gyaren ya yi kuka, Baba ya ɗan zabura ya tambaya wane ne wannan. Na ce ai iyakar muryar ke nan, komai a rubuce yake zuwa, a rubuce yake tafiya, ni ma ban fara aikawa ba tukuna. Ya sa tabarau ya matso.

Allah da ikonSa, a ranar Injiniya ya nufi wajen ƙauyen su Baba ne. Baba ya bi layin da yatsa, ya gane kwanar kasuwa, ya gane gada, sai ya tsaya a inda na rubuta Tsamiya Biyu. Ya ce wannan sunan yaran zamani ne, sunan wurin Rijiyar Lado, kakansa ne ya haƙa ta, in goge in gyara. Na gyara. Ya ce ina burtalin da Fulani ke bi, ina makabartar da aka sa mahaifiyarsa, ina tsohuwar kasuwar da ta tashi. Yaya, ban taɓa jin Baba ya yi magana mai tsawo da ni kamar ranar ba. Yana faɗa ina rubutawa, duk sanda ɗigo ya faɗo sai ya ce yauwa, yanzu ya wuce gonar wane. Har ya ja kwanon furar ya sha bai sani ba. Ya fita ya yi azahar a masallaci ya dawo da sauri yana tambaya ina yaron ya kai.

Wajen la'asar ɗigon ya juyo ya hau kwalta. Baba ya tambaye ni ina ya nufa, na ce gida. Sai ga Baba ya miƙe yana laluben takalmi, wai ba za a zo a tarar da shi ya baje a soron suruki da kwanon fura a gaba ba. Ya ce ko ba komai abin nan yana da amfani, tunda yana gaya wa mutum lokacin da ya kamata ya bar gidan surukinsa. Na danne dariya da mayafi. A bakin ƙofa ya ce abin da ya gani wasiƙa ce mai sauri, shi kuwa bai san inda aka hana mace rubuta wasiƙa ba. In tsare mutuncina, in tsaya ga rubutu. Masu magana kuma in bar shi da su. Da na kawo masa zancen jarrabawa, ya sa albarka, amma ba zai ce in yi ko kar in yi ba, ni zan zauna a ɗakin jarrabawar, ni na san abin da zan iya.

To daga nan tsoro ya dawo kaina. Injiniya ya kawo mini littafin karatun, duk lissafin lantarki ne da dokoki, babu jarumi babu jaruma. An ce kuma ba a taɓa ganin mace a wajen jarrabawar ba, kuma in na faɗi duk Limawa sai ta ji. Na yi kwanaki ina jujjuya abin, na yi istihara, na kalli tarin littattafan da na aro wajen Safara'u ban karanta ba na ji kamar in yi kuka.

Ki gaishe mini da Yaya Muntaka da kyau, ki shafa mini kan Talha da Zulfa, ki ce ina nan ina tara musu aya. Inna da Gwaggo Adama da Zulaihatu suna gaishe ku, Injiniya ma ya ce a miƙa gaisuwarsa. Ki sa ni a addu'a, Yaya, don jiya na mayar wa Safara'u littattafanta duka, na ce wa Injiniya ya kai sunana Kano. Zan zauna jarrabawar.

Wassalam. Taki ƙanwa mai kewarki kullum,
Mu'minatu.