Ba Wanda Ya Faɗa wa Na'ura Cewa Gonarmu a Kwari Take

Zuwa ga Shugaban Lajnar Ƙungiyar Manoman garinmu, Baba Alhaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran dattawan lajna, wato kwamitinmu. Ni ne Haruna, ɗan marigayi Malam Isa, mai gonar riɗin nan da ke kwari a gefen hanyar Basunda. Na yi sintiri a maktab, ofishin ƙungiya, har na gaji ban samu ganinka ba, shi ya sa na rubuto a fili kowa ya karanta. In harshena ya yi kaifi, ma'alesh, a yi haƙuri, damina ce ta ƙure ni.

Na ɗaya. Tun ina yaro na san yadda taraktar ƙungiya take zagayawa: a fara da gonakin kwari, sannan a hau tudu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Baƙar ƙasar nan tamu ta Gadarif, in ta ƙoshi da ruwa a kwari, taɓo take komawa, tarakta in ta shiga sai an nemo wata ta jawo ta. Mai tudu yana iya jira, mai kwari ba ya iyawa. Kai kanka, Baba, gonarka a tudu take, shekara da shekaru kai ne na ƙarshe, kuma ba mu taɓa jin ka yi ƙorafi ba.

Na biyu. Bana kuka kawo nizam, wato tsarin kwamfuta mai raba wa manoma ranakun tarakta ta saƙon waya. Wallahi ban ƙi ba, har murna na yi, don mun gaji da zancen wane ɗan wane ne. Sai ga saƙo a wayar Inna mahaifiyata, an jefa mu can ƙarshen layi, bayan duk masu tudu. Laifinmu? An buɗe rajista muna zaman makokin mahaifina, muka yi tamu a makare.

Na uku, kuma nan ne raina ya fi ɓaci. Magatakardan maktab ya juyo mini fuskar kwamfuta, wai nizam ne ya yanke, shi ba ruwansa. Tayyib. Na bi sawu har cikin gari na samu muhandis, wato injiniyar da ta tsara shi. Ba ta raina ni ba, ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce ta tambayi lajna yadda ake raba rana, aka ce mata wanda ya riga rajista shi ne gaba. Ta sake tambaya ko akwai inda ake saɓa wannan, aka ce babu. Abin da aka faɗa mata shi ta gina. Ban ce kun yi ƙarya ba, Baba. Kun ɗauka abin da kowane yaro a garin nan ya sani ba sai an faɗa ba. To na'ura ba 'yar garinmu ba ce. Ba ta taɓa nutsewa a taɓo har gwiwa ba, ba ta san kwari ba, ba ta san makoki ba.

Na huɗu. Ni ban yi jami'a ba, karatuna na waya ne da abin da na tsinta. Amma ko a can na karanta cewa kafin a gina irin wannan tsari, sai an zauna an rubuta kowace ƙa'ida dalla-dalla: in kaza ne, a yi kaza, in ba haka ba, a yi kaza. In gona a kwari take fa? In ruwa ya sauka ranar mutum, gobe za a ba shi ko ƙarshen layi zai koma? In aka yi wa gida rasuwa? Sannan a karanta wa masu aikin, su ce e ko a'a, kafin kowa ya sa hannu. Na nemi in ga wannan rubutu. Layi ɗaya tak na gani, da sa hannunka a ƙasa.

Ga abin da ya ƙarasa ni. Maƙwabcinmu Kawu Adamu, mai gona a tudu, ya ce ya bar wa Inna ranarsa, kamar yadda ake yi tun kakanni. Aka ce nizam ba shi da wurin musaya, kuma ba a ba direba mai sai don gonar da sunanta ya fito. Ya'ani har alheri ma mun manta ba mu rubuta shi ba!

Don haka ina roƙon lajna abu uku. A ba direba umarni da bakinka ya gama da gonakin kwari yanzu, ba tamu kaɗai ba, kafin ƙasa ta rufe. A kira muhandis bayan sallar Juma'a, a zauna da manoma maza da mata, a rubuta ƙa'idojin nan duka, a karanta da Hausa da Larabci. Sannan a rubuta sunan wanda ke da ikon gyara in nizam ya kuskure, don mu daina gardama da gilashi.

Baba, irin riɗinmu yana nan a buhu, shi ne na ƙarshe da mahaifina ya zaɓa da hannunsa. Kullum da yamma Inna tana fita ƙofar gida ta dubi hadarin da ke haɗowa ta wajen Gallabat. Manoma na roƙon ruwa, ita tana roƙon ya ɗan dakata. Ban taɓa zaton zan ji wannan addu'a a bakin matar manomi ba.

Allah ya ja kwananka, ya ba ka ikon gyarawa, ya sa damina ta yi mana albarka baki ɗaya. Abin da ka daɗe kana faɗa wa direba, shi kaɗai nake roƙo ka faɗa wa na'ura: kwari tukuna.

Wassalam.

Ɗanka,
Haruna Isa