Sunan Malam Rilwanu a Hannun Baƙo

Gwandu, 9 ga Yuli, 2024

Zuwa ga Yayana Umar Faruk,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Zulai da yara da dukan 'yan uwa na Kalgo. Yaya ƙafar taka? Mu nan alhamdu lillahi. Ɗiyarka Rahama ta koma makaranta, ni kuma ina cikin takaba, kwanaki na tafiya yadda Allah ya so.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun direba. Tun rasuwar Malam Rilwanu ba na son riƙe waya, kuma wayarsa ce ta jawo.

Ka san shekara shida yana sayen sunayen shafukan intanet. Ya taɓa yi mini bayani cewa kamar rumfar kasuwa ce: ka riga kowa kamawa, kana biyan haya duk shekara, har ranar da mai bukata zai zo ya saya a hannunka. Yakan ce kasuwar Turai da Amurka ta cika, rumfunan bakin hanya duk an kama, amma ta Najeriya da Nijar da Ghana yanzu ake share mata fili. Haka ya tara kusan sittin, na shinkafa, na kifi, na albasa, na zuma. Ni dai dariya nake yi masa, in ce malamin lissafi ya koma dillalin iska.

To, Yaya, masu ba da hayar ba su san ya rasu ba, suna ta turo saƙo a wayarsa. Kowane suna da ranar ƙarewarsa, kuma kowane saƙo da sunan Malam yake farawa, kamar mai gaishe shi, kafin a gaya masa saura kwana kaza. Ranar Talata ina tankaɗe wayar ta yi ƙara, sai na ji bakina ya ce, "Malam, wayarka." Na daɗe zaune da rariya a hannu.

Ƙanensa Mubarak ya zo ya duba. Ya zaɓi goma sha biyu da yake ganin za su sayu, ya sabunta su saboda magada, ya ce a bar sauran su faɗi. Na ce to, ban ko kalli jerin ba. Na kashe wayar, na naɗe ta a zane, na sa a ƙasan akwati.

Ka sa mu a addu'a. A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Halima Sadiya

Gwandu, 18 ga Nuwamba, 2024

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun wuni lafiya, an kuma kwashe shinkafa lafiya. Na gode da zuwan da kuka yi ranar fitata daga takaba. A ranar ka ce na murmure. Da ka gan ni yau da ba ka faɗa ba.

Makon jiya Malama Rahmatu ta zo, wadda suke koyarwa makaranta ɗaya da Malam. Ta gaishe ni har sau uku kafin ta iya faɗin abin da ya kawo ta. A cikin sunayen nan akwai guda wanda ba na sayarwa ba ne: sunan Malam haɗe da na mahaifinsa, Rilwanu Albarka. A nan yake zuba wa ɗalibansa darussa da tambayoyin jarrabawa. Yana cikin waɗanda muka bari suka faɗi, don Mubarak ya ga ba mai sayen sunan mutum.

Ashe akwai. Wani da ba mu san ƙasarsa ba ya kama shi ranar da ya faɗi, saboda ya ga yara na yawan shiga. Malama Rahmatu ta tura 'yan ajin ƙarshe su duba tambayoyi kamar yadda aka saba, maza da mata. Yaya, caca suka tarar, da hotunan mata tsirara, sunan Malam da na mahaifinsa a samansu.

Magana ta zaga gari. An gaya mini wani ya ce a kasuwa ashe abin da yake yi ke nan da yake dannar kwamfuta. Rahama ta dawo daga makaranta ta ƙi cin abinci, ta ƙi gaya mini abin da aka ce mata. Har Kambaza labarin ya kai, wajen mahaifiyarsa Inna Dije, wadda ba ta san menene intanet ba, ta dai san an ce ɗanta.

Na ciro wayar na kunna. Gargaɗi biyar suka turo a kan wannan suna, duk suna kwance cikin akwatina. Abin da ya fi tsaya mini shi ne tunatarwar da Malam ya rubuta wa kansa tun yana da rai, ta fito a ranar ƙarshe: "Sabunta nawa, na yara ne." Da hannunsa ya rubuta, Yaya. Tun daga ranar, in na tayar da salla sai in ji kamar yana tsaye bakin ƙofa da allin nan a yatsunsa, bai yi fushi ba, jira kawai yake. In na sallame ba na iya juyawa.

Mubarak ya rubuta wa mai riƙe da sunan. Amsa ta zo ba gaisuwa, ba suna, sai farashi. Wani kamfani na Legas ya sayi ɗaya daga cikin sunayen shinkafa, an raba kuɗin ga magada, amma kasona bai kai farashin ba. Don haka nake roƙonka ka sayar mini da saniyata da ke garke a garin Diggi, wadda na gada wajen Baba. Na san abin da za ka ce. Ka faɗa, sannan ka sayar.

Ƙanwarka,
Halima Sadiya

Gwandu, 6 ga Fabrairu, 2025

Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da gajiyar kasuwa, ina gaida Yaya Zulai da yara. Kuɗin saniya sun iso, takardarka ma ta iso. Na karanta inda ka ce mutumin da ya yi shekara ashirin yana koyar da 'ya'yan mutane ba ya bukatar a saya masa mutunci, kuma saniyar ita ce makarantar Rahama ta gaba. Wataƙila kai ke da gaskiya. Duk da haka ka sayar, Allah ya saka maka.

Suna ya dawo ranar Litinin. Na ɗauka darussan za su dawo tare da shi. Mubarak ya ce an share su tun ranar da haya ta ƙare, babu inda aka ajiye. Aikin shekara shida. In ka shiga yanzu ba abin da za ka gani sai fari fat. Malama Rahmatu ta ce za ta bi tsofaffin ɗalibai ko akwai masu kwafi, amma har yanzu darasi uku kawai ta samu. Masu magana a kasuwa kuwa ba wanda ya koma ya duba.

Shekaranjiya na je Kambaza. Na tarar da Inna Dije a tsakar gida tana gyaran wake, ta rame. Na durƙusa na ce, "Inna, an karɓo sunan Malam." Ta ce in nuna mata. Na buɗe shafin na miƙa mata wayar, duk da na san ba komai a ciki.

Ta kawo ta kusa da ido, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Nan ne wurin nasa?" Na ce nan ne. Ta ce, "Ba kowa?" Na ce ba kowa, Inna.

Sai ta kama bakin mayafinta ta goge fuskar wayar a hankali, daga sama har ƙasa, ta sake gogewa. Ta ce, "To, an share masa." Ta ɗora ta a cinya ta ɗaga hannu, ni ma na ɗaga. Ba ta mayar mini da ita ba sai da aka kira la'asar.

Ka gaida mutanen Kalgo. In azumi ya kama za mu zo ni da Rahama, in Allah ya kai mu.

Taka har kullum,
Halima Sadiya