Kwalbar Fetur a Gangaren Nakpanduri

Yendi, ranar Laraba

Zuwa ga matata Mansuratu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarfin jiki? Ya jaririnmu, yana kama nono? Ki gaida Hajiya da mutanen gida.

Na iso Yendi da doyar lafiya, amma tun fitowata daga Salaga fetur ya sake tashi. Mai gidan mai ya ce wai yaƙi ake a wata ƙasa mai nisa. Ban san su ba, ban taɓa cin goronsu ba, ga shi ni ke biyan kuɗin harsashinsu. A ƙauyukan hanya kuwa abin ya fi muni, ana auna maka shi a kwalba kamar turare.

Kada ragon suna ya dame ki. Na ce zan kawo shi daga kasuwar Bawku kafin Litinin, kuma zan kawo. 'Yan'uwana masu babur mai ƙafa uku sun koya mini dabara: in an zo gangara sai a kashe inji, kaya su tura ka. Gangaren dutsen Nakpanduri kaɗai zai rage mini kwalba guda.

Mijinki,
Ayyub

Bawku, ranar Asabar

Mansuratu,

Ina gaishe ki, da fatan ke da yaron kuna lafiya. Kada rubutun ya tsorata ki, wani bawan Allah da ke jinyar mahaifinsa a gadon kusa da ni a nan asibiti ne ya riƙe mini biro.

Na kashe injin kamar yadda na faɗa. Abin da ba su gaya mini ba shi ne, inji ne ke riƙe kaya a gangara. Birki ya yi zafi, ya saki a kwana ta uku. Doyar ta tarwatse cikin kwari, babur ya danne mini hannun dama. Likita ya ce sai Litinin za a san ko za a bar mini hannun.

Ba rago, Mansuratu. Kunyarki nake ji, da ta yaron da ko sunansa ba a raɗa ba. Kada ku ɗaga sunan. Ki roƙi Hajiya a yanka akuyarta, liman ya sa masa Shamsudeen.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai fiye da ciwon. Ina kwance ƙarƙashin ƙarfe ina salati, mutum biyu suka gangaro, na ce Allah Ya kawo agaji. Ashe galan ne a hannunsu. Sai da suka tatse tankin tas sannan suka ɗaga mini babur ɗin. Ɗayansu har ya duƙa ya ce, "Yi haƙuri malam, kada ya zube a banza."

Har da kwalbar da na rage suka tafi.

Ki shafa mini kan yaron.

Mijinki,
Ayyub