Ƙyallen da Kike Saukewa a Kan Talabijin

Zuwa ga maiɗakina, Hajiya Zulai, uwar Rabi,

Assalamu alaiki. Gaisuwa ce daga mijinki, tsohon akawun tashar jirgin ƙasa, tare da fatan kabarinki yana da haske da yalwa. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Da hannuna na rubuta wannan a takarda, kamar yadda aka koya mana, Rabi kuma ta ce za ta sa ta a waya mutane su karanta. Na yarda, domin laifin da na yi miki a gaban mutane na yi shi, a gabansu ya kamata in amsa.

Jiki da sauƙi. Ƙafa ce ta ƙi, hannu kuma yana rawa. Masallacin unguwa ma sai na huta sau biyu a hanya. Gidan nan na Kpakungu ya yi mini girma a shekara huɗun da kika bar shi. 'Yan haya su fita da safe, su dawo da yamma, ni in zauna ina jin agogo.

Ganin haka Rabi ta sayo mini sabon talabijin, irin wanda ake mannawa a bango. Ba kaset, ba faifai. Ta intanet fina-finan ke zuwa, labari ɗaya sai a yi wata uku ba a gama shi ba. Kowace Lahadi bayan azahar Rabi takan hawo keke mai ƙafa uku daga Fadikpe mu kalli kashi biyu. Bulus ma yana shigowa in ya taso daga coci. Kin tuna shi, mutumin kudancin Kaduna da muka yi aiki tare, wanda ba ya ƙin tuwonki.

Kin tuna ƙyallen tsohon talabijin ɗinmu, farin nan saƙaƙƙe mai korayen furanni a gefe? A zamanin kaset, da kin ga namiji da mace sun fara matsowa kusa, sai ki miƙe ba gaggawa, ki sauke shi a kan gilashin, ki ce, "Ƙura ta yi yawa a gilashin nan." Yara su ɗaga kai suna kallon rufi. Ke kuma ki tsaya kina sauraron kiɗan, da ya sauya ki ɗage. Ban taɓa ganin kin yi kuskure ba, ko sau ɗaya.

Rabi ta so ta ninke shi ta sa a akwati, wai ba ya zama a kan wannan. Na ƙi. Na sa aka kafa ƙusa biyu aka ja zare, yana rataye kamar labule. Sai dai kafin in lalubo sanda in miƙe, abin da ake gudu ya riga ya wuce. Don haka ta koya mini rimot: ga inda ake tsallakewa, ga inda ake tsayarwa. Maɓallan biyu maƙwabtan juna ne, hannuna kuma kin ji halinsa.

Wata Lahadi Rabi na kicin, sai ga irin wurin nan ya zo, kuma na yanzu ba sa jan ƙofa. Na danna da sauri. Maimakon ya wuce, sai hoton ya tsaya cik. Zulai, tsofaffi biyu masu jikoki, da abin nan a bango kamar kalanda. Na danna, na danna, sai ƙara kawai ke ƙaruwa. Bulus ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya ce, "Akawu, ni dai ban ga komai ba. Amma wannan yarinya bai da iyaye ne?" Rabi ta shigo da ludayi a hannu tana salati. Mun yi dariya har tari ya kama ni. Ranar ce na fara dariya tun bayan ki.

A kan wannan bakinmu ɗaya mu uku. Yawancin wuraren nan ba sa ƙara wa labari komai. A da in an rufe ƙofa, kowane babba ya gane. Bulus ya ce a cocinsu ma kukan da ake yi ke nan. Ni abin da ke damuna shi ne matasan da ke haya a gidan nan, kowa da wayarsa da abin sauraro a kunne, ba mai sauke masa ƙyalle. Na kuma lura wasu da suka fi kowa zagin fina-finan sun fi kowa sanin abin da ya faru a kashi na goma.

Amma ba don wannan na ɗauki alƙalami ba.

A cikin labarin akwai wani saurayi da aka nuna ba mata yake so ba. Duk sanda ya fito, Rabi kan ja tsaki ta ce da gangan ake cusa mana irinsu, a wuce da shi. Ni ma ban musa ba. Ran nan aka nuno shi ya zo ƙofar mahaifinsa da jaka a kafaɗa, uban ya tare ƙofar. Rabi ta ce, "Baba, tsallake." Na danna, hannun nan ya sake yi mini abin da ya saba. Hoton ya tsaya a kan fuskar yaron, daidai lokacin da aka ce masa ya tafi.

Na san wannan fuskar. Ba ta Baturen da ke fim ɗin ba ce. Ta autanku ce.

Ba zan rubuta sunansa ba, ke kin sani. Ranar sunan Rabi ne, shekara arba'in da ɗoriya. Ya zo daga Kuta ya shige cikin mata wajen girki, ya ɗaura zane a kan wando, yana tuƙa tuwo yana ba su dariya da muryar nan tasa. Abokan aikina na zaune a zaure. Ɗaya ya leƙa ya ce, "Akawu, wannan ƙanin madam ne ko ƙanwarta?" Aka kwashe da dariya. Na tashi na shiga, na ce masa a gaban kowa kada ƙafarsa ta sake taka gidana. Ya ajiye muciya a hankali, ya kwance zanen ya ninke, ya dube ni sau ɗaya. Wannan kallon ne ya tsaya mini a bango.

Ba ki yi faɗa ba. Da baƙi suka watse, abin da kika ce kawai shi ne, "Nono ɗaya muka sha, Malam." Ba ki sake ɗaga maganar ba har kika koma ga Allah.

Amma kowane wata sai ki ce za ki Kuta gaishe da gwaggonki. Gwaggo ta rasu, kika ci gaba da zuwa gaishe ta har shekara ashirin. Ki dawo da doya da daddawa mai kyau, in ci, in yaba, ban tambaya ba. Na sani, kin kuma san na sani.

Ranar jana'izarki na hango shi a tsallaken titi, gefen mai facin taya. Ya bi sahun ƙarshe, aka idar, ya tafi. 'Yar'uwarsa ce a cikin makara, bai shigo ya yi mata kallon ƙarshe ba, saboda maganata.

Ina so ki fahimce ni, masu karatu ma su fahimta. Abin da addini ya haramta yana nan haram, fim bai sauya mini wannan ba, ba kuma zai sauya ba. Amma ni ban taɓa ganin auta ya aikata komai ba. Tafiyarsa na hukunta, da muryarsa, da dariyar abokaina da ta sosa mini rai. Abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa ban sani ba. Yanke zumunci kuwa ni na aikata shi, da rana, da shaidu.

Na ce wa Rabi ta bar hoton yadda yake, na tambaye ta ko za a iya samo lambar kawunta. Sai ta ɗauko waya. Lambar na ciki tun tuni. Ta ce, "Baba, ai shi ya yi girkin bikina, a gidan maƙwabta. Har ƙari ka nema." Na ce to ke da kike tsaki in wannan yaron ya fito fa? Ta ce, "Wancan fim ne. Wannan kawuna ne." Ashe a gidan nan ni kaɗai ne ban san bambancin ba.

Na kira shi. Ya ce, "Yaya, lafiya?" Na ce lafiya, ina so ya zo. Ya ce zai duba. Lahadi ta zo ta wuce. Wata ma ta wuce. Na riƙa sa farar rigar nan da kike so ina zama kusa da taga. Na ji tsoro, Zulai. Ba mutuwa nake tsoro ba, zuwa in same ki da wannan a wuyana nake tsoro.

Lahadi ta uku ya zo da doya uku a buhu. Ya tsufa, kansa fari fat, kuma goshinki ne sak. Ya yi sallama ya tsaya a bakin ƙofa. Rabi ta ce, "Kawu, shigo mana." Ya ce, "Wanda ya ce kada ƙafata ta taka, shi zai ce ta taka." Rabi ta miƙo hannu za ta ɗaga ni, na hana ta. Na tashi da kaina. Taku takwas ne daga kujerata zuwa ƙofa, ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, bai kuma matso ya rage mini ko ɗaya ba. Na ce, Auta, shigo gidan yayarka, ka yafe mini.

Ya ce, "Ni na yafe tuntuni, ita ta sa ni. Ita za ka roƙa."

Da ya zauna, idonsa ya kai kan ƙyallen. Ya tashi ya shafa gefensa ya ce, "Har yanzu yana nan? Wata biyu na yi ina saƙa shi." Zulai, shekara nawa ina nuna wa baƙi shi ina cewa ku ga hannun maiɗakina? Kina ji, kina zuba musu shayi, ba ki gyara mini ba. Na hana shi shiga da ƙafa, kika shigo da shi kika ajiye a tsakiyar falo.

Bulus ya iso, muka kunna. Ba a jima ba irin wurin nan ya taho. Ina laluben rimot, sai na ga auta ya miƙe ba gaggawa, ya ja ƙyallen ya rufe gilashin, ya tsaya ya karkata kai yana sauraron kiɗan. Can Rabi ta ce, "Ƙura ta yi yawa a gilashin nan." Da kiɗan ya sauya ya ɗage. Shi ma bai yi kuskure ba.

To ga ni na zo roƙo, kamar yadda ya ce. Ki yafe mini tafiyar nan ta Kuta da na sa kika riƙa yi da sunan matacciya. Ki yafe mini ranar sunan. Ya ce zai dawo Lahadi mai zuwa, shi zai tuƙa tuwon, a kicin ɗinki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sanyaya makwancinki, Ya saka miki da zumuncin da kika riƙe ke kaɗai. Ya shiryar da mu baki ɗaya, Ya rufa mana asiri, Ya sa in na iso in same ki ba ki fushi.

Naki har gobe,
Malam, Baban Rabi
Kpakungu, Minna